RADA A HANYAR PARAKU ZUWA JUGU: MAI TSARON RAI CE KO MAI KARƁAR FITO?

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Paraku ta nufi Jugu ya san ba wata doguwar tafiya ba ce. Kimanin kilomita 135 ne, a bi ta Beteru a haye gadar kogin Weme, a ratsa daji da gonakin doya da na kaju, a faɗo Partago, daga nan kuma sai Jugu. Inda kwaltar ta miƙe, ƙafar direba kan yi nauyi bisa totur ba tare da ya ankara ba. Sai dai ita wannan kwalta ba ta kewaye garuruwan da ke kanta, ta tsakiyarsu take ratsawa. A Partago da sauran ƙauyukan da ke kan layin, hanyar da babbar mota ke bi da lodin auduga ita ce dai hanyar da yaro ke tsallakawa zuwa makaranta, ita ce mai tallar ƙosai ke ajiye tirenta a bakinta, ita ce kuma makiyayi ke ƙetarawa da garkensa da la'asar. Ran kasuwa kuwa ba a magana.

A 'yan shekarun nan wata kalma ta shigo bakin direbobi da 'yan zemijan, wato rada. In ka zauna a tasha, ko a Paraku ko a Jugu, ba za ka daɗe ba sai ka ji an ambace ta, kuma da wuya ka ji an ambace ta da alheri. Wani ya ce tarko ce, wani ya ce sabuwar dabarar tara wa gwamnati kuɗi ce, wani ma ya rantse ƙarya take yi. Mu kuwa Hausawan ƙasar nan, ko da yake ba mu da yawa, rabonmu a kan kwalta babba ne. Akwai mu cikin direbobi da 'yan kamasho, akwai mu cikin masu dabbobi da albasa da goro da ke hawa da sauka tsakanin Malanbil da Kwatano, kuma gidajenmu da rumfunanmu galibi a bakin hanya suke. Saboda haka ya kamata mu san abin da wannan na'ura ke iyawa da abin da ba ta iyawa kafin mu yanke mata hukunci.

YADDA TAKE AIKI

Rada na'ura ce da ke auna gudun mota daga nesa. Tana harba wata igiya irin ta rediyo wadda ido ba ya gani, igiyar ta bugi mota ta dawo. Ko mai karatu ya taɓa lura da yadda ƙarar hon ɗin babbar mota ke sauyawa, in tana tahowa ka ji ta siririya, da ta gifta sai ta yi kauri? To haka igiyar nan ke sauyawa gwargwadon gudun abin da ta buga, kuma daga wannan sauyi ne na'urar ke fitar da lissafinta cikin ƙiftawar ido. Akwai kuma wadda ke aiki da hasken leza, ita lokacin zuwan hasken da dawowarsa take ƙirgawa.

Wadda direbobinmu suka fi sani ita ce ta ɗauka, wadda jami'i ke riƙewa a hannu ko ya kafa bisa ƙafa uku a gefen hanya, abokan aikinsa kuma su tsaya can gaba su tsai da wanda ta kama. Akwai ta dindindin da ake kafawa bisa ƙarfe tare da kyamara. Ita ba ta bukatar kowa a wurin, hoton lambar mota take ɗauka, a nemo mai motar a rajista a aika masa da takardar tara. Akwai kuma wata dabara da ta fi duka wuyar zamba, ita ce a kafa kyamara biyu, ɗaya a farkon hanya ɗaya a ƙarshe. Alal misali, in tsakaninsu kilomita 30 ne, dokar wurin kuma 90 a awa, to duk motar da ta isa ƙasa da minti 20 ta ba da shaidar kanta da kanta, ko da ta taka birki a gaban kowace kyamara.

Abin dariya a tarihin wannan abu shi ne, wanda sunansa ya fi shahara a kansa ɗan tseren mota ne. Wani mutumin Holan ne mai suna Maurice Gatsonides, wanda ya ci babbar gasar tsere ta Monte Karlo a 1953. Ya ƙera na'urar auna gudu ne don ya san yadda zai ƙara sauri a kan kwana, a 1958 kuma ya kafa kamfanin sayar da ita, sai ga 'yan sanda sun zama manyan masu saye. Har yau a Ingila, inda aka soma kafa irin waɗannan kyamarori a 1992, mutane kan kira su da guntun sunansa, Gatso.

LISSAFIN MINTI DA MITA

Dokar ƙasar nan ta ce cikin gari kilomita 50 a awa, a wajen gari 90. Da yawa daga cikinmu na ganin 50 rarrafe ne. To bari mu yi lissafi irin na kasuwa.

Motar da ke gudun 90 tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Kafin idon direba ya ga yaro, ƙwaƙwalwarsa ta gaya wa ƙafarsa, ƙafar ta sauka bisa birki, daƙiƙa guda ta wuce, mita 25 sun tafi birki bai ko soma kamawa ba. Masu koyar da tuƙi suna da wata 'yar dabara ta ƙiyasta inda mota za ta tsaya: a cire sifirin ƙarshe, a ninka abin da ya rage da kansa. Mai gudun 50, biyar sau biyar, zai tsaya a wajen mita 25. Mai gudun 90, tara sau tara, sai ya ci mita 81. Mai gudun 120 kuwa mita 144, wato ya zarce tsawon filin ƙwallo. Wannan fa a busasshiyar kwalta ke nan, da tayoyi masu rai da birki mai kyau. Da damina, ko da lodi ya yi yawa, ko lokacin da ƙurar hunturu da hayaƙin ƙunar daji suka rufe gaba, abin ya wuce nan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk lokacin da matsakaicin gudu a wata hanya ya ƙaru da kashi 1 cikin 100, haɗarin da ke kai ga mutuwa kan ƙaru da kashi 4 cikin 100. Ta kuma ce mai tafiya a ƙasa da mota ta buge da gudun 65 ya fi wanda aka buge da gudun 50 kusantar mutuwa sau huɗu da rabi. A rahotonta na 2023 ta ƙiyasta mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanyoyin duniya kowace shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ce kan gaba, alhali ita ce ta fi kowa ƙarancin motoci.

Me ake saye da wannan tsada haka? Daga Paraku zuwa Jugu, mai tafiya a 90 zai yi awa ɗaya da rabi. Mai tafiya a 110 zai riga shi da minti 16 kacal, in ma hanyar ta ba shi dama ke nan. Ratsa gari mai tsawon kilomita 2 kuwa, bambancin mai 50 da mai 90 minti ɗaya ne da 'yan daƙiƙoƙi. Ko shayin da direba ke sha a tasha ya fi haka ɗaukar lokaci.

ABIN DA AKA GANI A WASU ƘASASHE

Tambayar ko rada na rage mutuwa ba sabuwa ba ce, an daɗe ana bincike a kanta. A 2010 ƙungiyar masana ta Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara bincike-binciken lafiya ta tace su, ta duba nazari 35 da aka yi a ƙasashe daban-daban. Daga ciki 28 sun ƙirga haɗurra kafin a sa kyamara da bayan an sa, kuma dukkansu, ba togiya, sun tarar haɗurra sun ragu. Waɗanda ke jawo mutuwa ko mummunan rauni sun ragu da tsakanin kashi 11 zuwa 44 cikin 100, gwargwadon wuri.

Misalin da ya fi kusa da mu, tun da dokokin hanyarmu daga can aka gado su, shi ne na Faransa. A 2001 kusan mutum 8,000 suka mutu a hanyoyinta. A watan Yuli na 2002 Shugaba Jacques Chirac ya sa tsaron hanya cikin manyan ayyukan mulkinsa, a watan Oktoba na 2003 kuma aka buɗe rada mai aiki da kanta ta farko a kudancin Paris. Ya zuwa 2010 masu mutuwa sun sauko ƙasa da 4,000. Ba rada kaɗai ta yi wannan aiki ba, motoci sun inganta, an matsa wa masu tuƙi cikin maye, amma masu bincike sun yarda raguwar gudu ce ta ɗauki babban kaso. Sirrin abin kuwa ba tsananin tara ba ne. Abin da ya sauya shi ne tabbas. Da can mutum na iya sanin wani babba a share masa laifi, yanzu takarda ce ke iske shi har gida, ko shi wane ne.

Sai dai a yi hattara da alƙaluma. Sau da yawa ana kafa kyamara ne a wurin da aka yi mummunar shekara, mummunar shekara kuwa ko ba a yi kome ba wadda ke bi mata takan yi sauƙi, don haka wani abin da ake yaba wa kyamara ba nata ba ne. Akwai kuma halin da kowa ya sani, a taka birki a gabanta, da an wuce a rama abin da aka rasa. Mu nan ma mun ƙware, mai tahowa ya ƙyafta maka fitila, ko labari ya riga ka zuwa ta WhatsApp. Duk da haka, ko an cire waɗannan, ragowar ribar tana nan, kuma rayuka ne.

TO ME YA SA AKE ƘIN TA?

Mu dai namu dalilin ya girmi mota. Jugu tsohon zango ne a kan hanyar goro da ta haɗa Kano da Gwanja. Shekaru aru-aru ayarin kakanninmu na sauka a nan da jakuna, da kanwa da tufafi a tafiya, da goro a dawowa. Aikin madugu bai tsaya ga sanin hanya ba, har da sanin abin da za a ba kowane sarki da kowane mai jirgin fito kafin a wuce. Bayan su aka yi zamanin shingayen jandarma da na duwan, inda direba ke ware canjinsa tun daga tasha. Saboda haka jikan fatake in ya hangi mutum tsaye a gefen hanya da wani abu a hannu, abin da zuciyarsa ke fara raya masa shi ne, nawa ne? Ba za a ga laifinsa ba, abin da ya tarar ke nan.

Amma ƙin rada ba namu ba ne mu kaɗai. A Faransar da muka yaba, da gwamnati ta rage gudun ƙananan hanyoyi daga 90 zuwa 80 a watan Yuli na 2018, mutanen karkara suka ɗauke shi a matsayin wani harajin da 'yan birni suka ɗora musu. Da zanga-zangar masu rawayar riga ta ɓarke a watan Nuwamba na wannan shekara, rada ce ta fara shan wuta, wasu aka ƙona, wasu aka shafe da fenti, wasu aka rufe da leda. A watan Janairu na 2019 ministan cikin gida na lokacin, Christophe Castaner, ya ce an lalata kusan kashi 60 cikin 100 na radodin ƙasar. A lardin Ontariyo na Kanada kuwa gwamnatin lardin ce da kanta ta hana biranenta amfani da kyamarorin gudu a 2025, shugabanta Doug Ford yana cewa hanyar tatsar jama'a ce, duk da cewa magadan gari da yawa sun roƙi a bar su, musamman na bakin makarantu.

Labarin Ruwanda ya fi waɗannan amfani gare mu. Can ma an kafa kyamarori a Kigali da manyan hanyoyi, har mutane suka laƙaba musu suna Sofiya. A 2021 kuka ya yi yawa, domin akwai wuraren da aka tsai da gudu a 40, tara kuma na ta sauka a wayoyin mutane. A watan Nuwamba na shekarar Shugaba Paul Kagame ya fito fili ya ce shi ma kukan ya iso gare shi, ba a son gudun da zai kashe mutane, amma ba a son wanda zai hana su isa inda za su. 'Yan sanda suka sake duba lamarin, aka sassauta. Ba a tumɓuke kyamarorin ba, an gyara dokar da suke tsaro ne ta yadda mai hankali zai iya bin ta.

In aka duba duka waɗannan, za a ga mutane ba auna gudu suke ƙi ba. Uban da ke zagin rada a tasha, shi ne zai fi kowa murna in aka kafa ta a ƙofar makarantar 'ya'yansa. Abin da ke ɓata rai shi ne a laɓe da ita a bayan bishiya a gangaren da babu gida babu kasuwa, inda kowa ya san mota kan zarce ko ba a so, ko a kama mutum a wurin da allon gudu ya faɗi ko ciyawa ta rufe shi, ko a tsai da tsohuwar tasi a ɗaga wa mai baƙin gilashi hannu. Radar da ta ɓuya tana kama kuɗi, amma ba ta hana gudun da aka riga aka yi. Wanda aka tsayar kilomita guda bayan ya ratsa gari da 100, ai ya riga ya ratsa.

A NAN GIDA

Ƙasarmu na da hukumar tsaron hanya, CNSR, tun 1987, ita ce kuma ke duba lafiyar motoci. A watan Janairu na 2018 gwamnatin Patrice Talon ta haɗe 'yan sanda da jandarmomi suka zama runduna guda, kuma kowane direba zai shaida shingayen da ake tsayawa a da sun ragu ƙwarai. Wannan ya taimaki aljihu da lokaci, sai dai hanyar da ba shinge, in kwaltarta ta yi kyau, gudu take kira.

Mutanen Paraku ba za su manta da ranar 29 ga Janairu 2023 ba, ranar da bas ɗin da ta tashi daga garin za ta Kwatano ta yi karo da babbar mota a kusa da Dasa, wuta ta kama, fiye da mutum 20 suka rasu, wasu ko gane su ba a iya yi ba. A watan Agusta na 2025 kuma wata bas da ta taso daga Lome da fasinjoji masu nufin Nijar ta faɗa kogin Weme daga kan gada a yankin Gilazuwe cikin dare, aka yi asarar rayuka fiye da 30. Allah ya jiƙansu. Kowane haɗari da sababinsa, amma ko mene ne ya fara jawo shi, taya ce ta fashe ko barci ne ya sace direba, gudun da ake yi a lokacin shi ke yanke ko za a fito da rauni ko za a fito da gawa.

Daga ranar 1 ga Maris 2024 'yan sanda suka shiga kamen masu karya dokar hanya gadan-gadan, da rashin hular kwano ga mai tuƙa babur da wanda ya ɗauka, da rashin lamba, da waya a kan tuƙi, da lodin wuce kima, da gudu. Hular kwano ta yawaita a kan titi cikin 'yan makonni, wannan kowa ya gani. Amma a watan Afrilu wani hoton bidiyo daga Natitingu, inda aka ga jami'ai na dukan wani mutum a kan maganar hula, ya tayar da hankalin ƙasa baki ɗaya. Daga baya aka rage tarar daga sefa 10,000 zuwa 5,000, wato daga jika goma zuwa jika biyar. Darasin a bayyane yake, jama'a kan bi doka in sun ga da gaske ake, amma rana guda ta wulaƙanci na iya rushe yardar da aka yi wata da watanni ana ginawa.

A nan ne masu goyon bayan kyamara mai aiki da kanta ke da hujja mai ƙarfi, domin ita ba ta duka, ba ta zagi, ba ta karɓar na goro, ba ta kuma san ɗan wane ba. Maƙwabta sun riga sun shiga. A Abijan tun watan Satumba na 2021 kyamara ke kama laifi a aika wa mai mota saƙo ta waya, a watan Maris na 2023 kuma suka fara lasin mai maki 12, wanda ake zaftarewa da kowane laifi. Legas ma ta kafa nata a wasu manyan tituna a 2025, da tarar naira 50,000.

To amma kyamara lamba take karantawa, ba fuska ba. Mota nawa ke yawo a arewacin ƙasar nan da sunan wanda ya sayar da ita shekara biyar da suka wuce, ba a je an sauya takarda ba? Ranar da irin wannan kyamara ta iso, wanda ya sayar ne tara za ta riƙa nema, kuma zumunci da yawa zai ɓaci a kan haka. Duk wanda ya sayi mota ko babur hannu da hannu, gara ya je ofishin ANaTT, hukumar da ke kula da lamba da lasin, ya mai da takardun sunansa tun yanzu. Ga kuma motoci masu lambar Nijeriya da Nijar da Togo da Burkina, waɗanda ke cike da hanyoyinmu, ina za a aika musu da takarda? Ga babura, waɗanda su suka fi yawa a kan hanya, su ne kuma suka fi kwasar rauni, da yawansu lambar ta lanƙwashe ko laka ta rufe ta.

Akwai ma abin da ya fi wannan sauƙin gani. Ka leƙa gaban tsofaffin tasin da ke jigila tsakanin garuruwanmu, sau nawa za ka tarar allurar gudu na motsi? Direban da allurarsa ta mutu shekara uku, da kunne da iskar taga yake auna gudunsa, in ya ce wa jami'i bai san ya kai 80 ba, wataƙila gaskiyarsa ce. Sannan ga abin da ke tura shi. Mai mota ya yanka masa abin da zai kawo kullum, layi a tasha na wanda ya riga isowa ne, sawu biyu a yini sun fi ɗaya. Mu fasinjoji ma ba mu kuɓuta ba, mu ne masu cewa wannan direba ba ya tafiya. Nijeriya ta gwada kama abin daga tushe, inda hukumarta ta kiyaye haɗurra ta tilasta wa motocin haya sa na'urar da ke hana inji wuce wani gudu, aka fara kame a kai a watan Fabrairu na 2017. Dabara ce mai kyau a takarda, sai dai abin da makaniki ya ɗaura, makaniki na iya kwancewa.

ABIN DA ZAI FI DACEWA DA GARI IRIN PARTAGO

Gari irin Partago ba ya bukatar a kama direba bayan ya wuce, so yake direban ya shigo a hankali. Kuma in aka yi haɗari a tsakiyar wannan hanya, babban asibiti na Paraku ko na Jugu da nisa, mai zubar da jini ba ya jira.

'Yan'uwanmu na zangon Kumasi sun san mararrabar Suhum a kan hanyar Akara. Wuri ne da ya yi ƙaurin suna wajen cin rayuka. Aka zo aka yi wa kwaltar 'yan kunyoyi a gicciye, masu girgiza mota su farkar da direba, aikin da bai kai dalar Amurka 21,000 ba. Tsakanin Janairu na 2000 da Afrilu na 2001 haɗurra a wurin suka ragu da kusan kashi 35 cikin 100, mutuwa kuma da kusan kashi 55. Kunya ba ta bukatar lantarki, ba ta bukatar rajista, ba ruwanta da lambar wace ƙasa ce, kuma tana aiki dare da rana. Amma fa wadda ma'aikatan hanya suka auna suka yi, da fenti da allon gargaɗi. Irin tudun da mutanen gari kan tara da ƙasa da kututture cikin fushi bayan an kaɗe musu yaro, shi kansa yakan kayar da mai babur da dare.

Ita kuwa rada, in za a kawo ta wannan hanya, wurinta shi ne mashigar gari, kusa da makaranta da kasuwa, a fili inda kowa zai gan ta, da babban allo tun daga nesa mai cewa tana gaba. Wani zai ce in an sanar ai ba za a kama kowa ba. To ai abin da ake nema ke nan. Ranar da jami'ai suka yini a Partago ba su rubuta tara ko ɗaya ba saboda kowa ya shigo da 50, ranar ce aikinsu ya yi kyau, ko da yake baitulmali bai samu ko dala ba. Kamata ya yi kuma hukuma ta riƙa faɗa wa jama'a, a gidajen rediyon Paraku da Jugu, da Dendi da Barbanci da Fulatanci da Hausa, mutum nawa aka rasa a wannan hanya bara, nawa bana, kuɗin tara nawa aka tara, ina suka shiga. Wanda aka nuna wa lissafi ya fi wanda aka nuna wa sanda saurin yarda.

Namu aikin kuma ba sai an jira gwamnati ba. Sarakunan zango da limamai da shugabannin tasha na da bakin da direba ke ji fiye da na ɗan sanda. Da yawa cikin yaranmu masu tuƙi ba su yi makarantar Faransanci ba, a hannun ubangida suka koya, ba wanda ya taɓa zaunar da su ya ce musu lambar da ke cikin jan da'ira ita ce iyakar gudu, allon da ke ɗauke da sunan gari kuma shi ne farkon 50, ko da ba a rubuta 50 ɗin ba. Wannan bayanin minti biyar ne bayan sallar Juma'a ko a taron 'yan tasha.

Wanda kuma aka tsayar, ya sauka da ladabi, ya nemi a nuna masa abin da na'urar ta rubuta, ya tambayi iyakar gudun wurin. In tara ta hau kansa, kuɗin na baitulmalin gwamnati ne, ya biya ta hanyar da aka tsara, ya karɓi takardar shaidar biya ya adana ta tare da takardun mota. In yana ganin an zalunce shi, da wannan takarda ce zai iya zuwa ofishin 'yan sanda ko wurin shugabannin ƙungiyarsu ya kai kuka. Wanda ya miƙa jika biyu ta taga ba shi da abin da zai nuna wa kowa, gobe kuma a nan zai sake tarar da su.